BAƘO A BIRNIN ALƘAHIRA

Babu Bahaushen da bai taɓa jin sunan Masar ba. Yara su kan ji shi cikin labarin Annabi Yusufu da na Annabi Musa, manya kuwa su kan ji shi a bakin alhazai da fatake. Babban birnin ƙasar shi ne Alƙahira, yana bakin Kogin Nilu, kusa da inda kogin ya ke rarrabuwa kafin ya faɗa Bahar Rum. In an haɗa shi da unguwannin da ke kewaye da shi, mutanensa sun fi miliyan 20.

A zamanin da, wanda ya tashi daga Kano zai tafi can sai ya yi wasiyya tukuna, gama tafiyar watanni ce, bisa raƙumi ko a ƙasa. Yanzu jirgin sama ya kan kai mutum cikin sa'a biyar ko ƙasa da haka. Mutanenmu suna zuwa kullum, wani neman ilmi, wani neman magani, wani fatauci, wani kuwa zango ya ke yi kan hanyarsa ta zuwa Makka.

Amma fa zuwa gari daban, ganin gari daban. Mutum ya kan kashe kuɗi masu yawa ya je, ya yi kwana goma, ya komo, in an tambaye shi abin da ya gano sai ya ce, "Motoci da hayaniya." Ba laifin garin ba ne, shi ne ya tafi bai san abin da zai duba ba. Saboda haka a nan za mu bayyana yadda birnin ya ke, da abin da ya kamata baƙo ya gani, da yadda zai zauna lafiya da mutanen gari. Shekarun da za mu ambata duka na Miladiyya ne.

Birni bayan birni

Abu na fari da za ka riƙe shi ne, Alƙahira ba gari guda ba ne, garuruwa ne da yawa. Kowace sabuwar daula ta ci ƙasar sai ta ƙi zama inda ta gabanta ta zauna, ta gusa arewa kaɗan ta kafa nata garin. Masana sun ce ɗaya daga cikin dalilan shi ne, iskar wurin daga arewa ta ke busowa, na arewa ya sha iska mai daɗi, hayaƙi da wari su tafi wajen na kudu. Yau da gobe garuruwan suka girma, suka haɗu suka zama guda.

To, ashe ke nan wanda ya faro yawonsa daga kudu ya nufi arewa, kamar ya buɗe littafin tarihi ne daga shafin farko. Wanda kuwa ya yi ta tsalle-tsalle nan da can, sai zamunna su rikice masa. Bari mu bi su bi da bi.

Tsohuwar Masar

Unguwar da ke can kudu ana kiranta Masar Alƙadima, watau Tsohuwar Masar. Jirgin ƙasa mai bi ta cikin gari ya kan sauke mutum daidai ƙofarta, a tashar da a ke kira Mar Girgis. Kana fita sai ka ga ragowar wata ganuwa mai kauri ta dutse da jan tubali. Rumawa suka gina ta sa'ad da su ke mulkin Masar, tun kafin Musulunci. Cikinta akwai tsofaffin majami'u na Ƙibɗawa, su ne Kiristocin ƙasar, suna nan kuwa har yanzu da yawansu. Shahararriya cikin majami'un nan ita ce Mu'allaƙa, watau Ratayayya, don bisa kan ƙofar ganuwar aka ɗora ta, sai an hau matakala a ke shiga. Kusa da ita akwai wata tsohuwar majami'ar Yahudawa.

Cikin shekara ta 641, zamanin Halifa Umaru, Amru ɗan Asi ya ci wannan ganuwa. Inda rundunarsa ta yi sansani nan ya zama gari, aka sa masa suna Fusɗaɗu. Nan ya gina masallaci, shi ne na farko a ƙasar Masar. Sarakuna sun yi ta rushe shi suna faɗaɗawa, har ba abin da ya saura na ginin farko sai wurin, amma ana salla a ciki har yau. Ka ga ke nan cikin tafiyar da ba ta gajiyar da ko tsoho, baƙo zai ga wuraren ibada na addini uku suna maƙwabtaka da juna.

Daura da wannan unguwa akwai tsibiri cikin kogi, sunansa Rauda. A ƙarshensa na kudu akwai ma'aunin ruwan Nilu, wanda aka gina cikin 861. Rijiya ce ta dutse, da ginshiƙi a tsakiya, an zana masa kamu-kamu. Masar ba ta samun ruwan sama sai kaɗan, noman ƙasar duka ga cikar kogi ya dogara. In ruwa ya kai kamu 16 sai a yi shela, gari ya yi murna, an san za a ƙoshi, da haka kuma a ke yanka haraji. In ya gaza ƙwarai, yunwa ke nan. Tun da aka gama babbar madatsar ruwa ta Aswan cikin 1970 kogi ya daina malala, ma'aunin nan kuwa ya zama abin kallo kawai.

Masallacin ɗan Ɗulun

Daga nan sai ka gusa arewa. Cikin 868 aka aiko wani Baturke daga Iraƙi, sunansa Ahmadu ɗan Ɗulun, ya riƙe Masar da sunan halifa. Da ya ji ƙarfi sai ya zama mai cin gashin kansa, ya kafa nasa gari, ya gina masallacin da aka gama cikin 879. Garin an rushe shi cikin 905, masallacin kaɗai aka bari. Shi ne mafi tsufa cikin masallatan birnin waɗanda ke nan bisa siffarsu ta asali.

Da jan tubali aka gina shi, aka shafe da farar ƙasa, aka yi mata zane. Yana da fili a tsakiya mai faɗin gaske. Hasumiyarsa kuwa daban ta ke da sauran, don matakalarta ta waje ta ke, tana kewaya jikin hasumiyar kamar dodon koɗi. Wanda hayaniyar gari ta gajiyar da shi ya shiga nan ya zauna a inuwa, ba abin da zai ji sai kukan tantabaru.

Alƙahira ta ainihi

Garin da ya ba sauran duka sunansa an kafa shi cikin 969. Faɗimiyyawa ne suka aiko sarkin yaƙinsu Jauhar daga ƙasar Tunis, ya ci Masar, ya shata wa ubangidansa Halifa Mu'izzu sabon birni. Ma'anar Alƙahira ita ce mai rinjaye. Cikin 970 aka sa harsashin masallacin Azhar, aka yi Jumma'ar farko a ciki cikin 972. Faɗimiyyawa 'yan Shi'a ne. Salahuddini ya kawar da daularsu cikin 1171, daga baya Azhar ta zama babbar makarantar Ahlus Sunna, wadda ɗalibai ke zuwa daga kowace kusurwa ta duniya.

Manyan ƙofofi uku na birnin Faɗimiyyawa suna nan tsaye. Biyu suna arewa, Babul Futuhu da Babun Nasri, na shekara ta 1087. Guda tana kudu, Babu Zuwaila, ta 1092. Tsakanin Babul Futuhu da Babu Zuwaila akwai titi guda da a ke kira da sunan Mu'izzu. Tsawonsa bai kai mil guda ba, amma mai hankali ya kan yini a cikinsa bai gama ba, gama dama da hagu masallatai ne da makarantu da ƙubbobi, wannan na jingine da wancan.

Yawancinsu Mamluka suka gina. Su wane ne Mamluka? Bayin sarki ne, waɗanda a kan sayo suna yara daga ƙasashen arewa masu nisa, a koya musu addini da hawan doki da yaƙi, sa'an nan a 'yanta su. Daga ƙarshe suka karɓe sarautar da kansu, suka mulki Masar daga 1250 har 1517. Ɗayansu, Sarki Ƙalawun, ya gina asibiti a wannan titi wanda aka gama cikin 1285, inda a ke duba mai kuɗi da talaka ba a karɓar kome.

Ka kuma lura da wani irin gini da a ke kira sabil. A ƙasa ɗakin ruwa ne mai tagogin ƙarfe, inda kowane mai wucewa ya kan sha kyauta, a sama kuwa makarantar allo ce ta yara. Mai dukiya ya kan gina shi don neman lada biyu a gini guda. Mafi shahara yana daidai inda titin ya rabu biyu, an gina shi cikin 1744. Tagogin gidaje kuma abin dubawa ne. Da ƙananan itatuwa gogaggu aka saƙa su, iska ta shiga, rana ba ta shiga, na ciki ya ga na waje, na waje bai ga na ciki ba.

In ka kai Babu Zuwaila, ana hawa hasumiyoyi biyu da ke bisa kanta, a hangi tsohon gari duka. A wannan ƙofa Salim, Sarkin Santambul, ya sa aka rataye Tuman Bai, sarkin Mamluka na ƙarshe, cikin 1517. Kana fita ƙofar sai ka shiga rumfar maɗinka tantuna, suna zaune suna ɗinka zane kan zane da hannu, sana'ar da suka gada kaka da kakanni.

Sawun mutanenmu

Kada baƙo daga ƙasashenmu ya zaci shi ne na farkon taka waɗannan tituna. Tun wajen 1240 da 'yan kai mutanen Kanem suka ba da kuɗi aka gina musu makaranta da masauki a Fusɗaɗu, don ɗalibansu da alhazansu. A Azhar kuma an daɗe da keɓe wa Barebari sashe nasu. Cikin 1324 Mansa Musa, Sarkin Mali, ya sauka birnin kan hanyarsa ta Makka, ya yi ta kyauta da zinariya har darajarta ta faɗi a kasuwa.

Littattafan da malamanmu ke karantarwa a zaure, da yawa daga nan suka fito. Halilu ɗan Ishaƙu, mai Muhtasar, malamin Alƙahira ne. Tafsirin Jalalaini da a ke ja da azumi, malamai biyu na wannan birni suka rubuta shi, Mahalli da Suyuɗi. Shi Suyuɗi, wanda ya rasu cikin 1505, har wasiƙar nasiha ya aika wa sarakunan Agadas da Katsina. Har yanzu kuwa ɗaliban Nijeriya da Nijar suna da yawa a Azhar. Baƙon da ya sami ɗayansu ya yi masa ja-gora, ya huta da rabin wahala.

Kasuwar Halili

Tsallaken titi daga Azhar, kusa da masallacin Husaini, akwai kasuwar da a ke kira Han Halili. Han shi ne masaukin fatake. Wani hakimin Mamluka mai suna Halili ya gina na farko wajen 1380 da 'yan kai, sunansa ya bi kasuwar duka. Mai son ganin yadda irin masaukin nan ya ke, ya leƙa na Sarki Guri da ke kusa da Azhar, wanda aka gama cikin 1505. Fili ne a tsakiya inda a ke sauke kayan raƙuma, ɗakunan ajiya a ƙasa, ɗakunan kwana a sama.

Wanda ya san kasuwar Kurmi ba zai ruɗe da tsarin wannan ba. Lunguna ne ƙanana, kowace sana'a da layinta, maƙeran tagulla daban, masu zinariya daban, masu turare da kayan yaji daban. Ciniki ma irin namu ne, sai dai kuɗin farko da a kan yanka wa baƙo ya kan ninka na gaskiya. Kada ka saya a rumfar farko. Ka tambayi abu guda a wuri uku, ka san kimarsa. Kada ka taya abin da ba ka nufin saya, gama in an sallama ka ƙi, ka ci mutuncin kanka. In mai kanti ya ba ka shayi ka sha, al'ada ce, ba ta wajabta maka sayen kome ba. Abin da aka ce maka tsohon kayan Fir'auna ne kuwa, ka bar shi. In na jabu ne ka yi hasara, in na gaske ne doka ta hana fita da shi daga ƙasar, hukuncinta kuwa mai tsanani ne.

Ƙal'ar Salahuddini

Gabas da tsohon gari akwai dutse mai suna Muƙaɗɗam. Bisa wani tudu a gindinsa Salahuddini ya soma gina birnin tsaro cikin 1176, shi a ke kira Ƙal'a. Don kada abokan gaba su kashe na ciki da ƙishirwa, aka haƙa rijiya cikin dutse mai zurfin wajen ƙafa 285, shanu ke juya abin jawo ruwanta. Daga nan aka mulki Masar wajen shekara 700.

Masallacin da ke can ƙoli, mai manyan ƙubbobi da siraran hasumiyoyi irin na Santambul, Muhammadu Ali ya soma shi cikin 1830. Shi ne wanda ya hau mulki cikin 1805. Cikin 1811 ya gayyaci sauran manyan Mamluka biki a nan Ƙal'a, da suka shiga wata ƙuntatacciyar hanya aka rufe ƙofofi, aka karkashe su. In ka tsaya bakin katangar yamma, birni duka yana ƙarƙashinka, ranar da ba hazo kuwa har dalar Fir'auna a kan hango can bakin hamada.

A gindin Ƙal'a akwai masallacin Sarki Hasan, wanda aka gina daga 1356 zuwa 1363. Katangunsa na dutse sun yi tsawo har sai mutum ya dafe hula in zai dubi ƙarshensu. A kusurwoyinsa huɗu an yi makarantu huɗu, kowace mazhaba da tata, har da ta Malikiyya.

Sabon gari

Daga tsohon gari in ka nufi yamma wajen kogi, sai tituna su miƙe su yi faɗi, gidaje su sake kama. Wannan aikin Isma'ila ne, jikan Muhammadu Ali, wanda ya yi mulki daga 1863 zuwa 1879. Ya ga birnin Faris na Faransa, ya so nasa ya yi kama da shi. Tsakiyar wannan sashe shi ne dandalin Tahrir. Daga nan gada mai siffofin zakuna a bakinta ta ƙetare kogi. Da magariba mutanen gari su kan fito shan iska bisa gadar, wasu su yi hayar kwalekwale mai tafiya da iska su zaga.

Tsohuwar al'adar nan ta gusawa ba ta mutu ba. Gwamnatin Masar ta gina wani sabon birnin mulki cikin hamada, wajen mil 30 gabas, ma'aikatu suka soma ƙaura can cikin 2023.

Dalar Fir'auna

Abin da ya fi dukan waɗannan tsufa yana hayin kogi, a Giza, wajen mil 9 daga tsakiyar gari. Ka sani Fir'auna ba sunan mutum guda ba ne, sarauta ce, sarakuna da yawa sun riƙe ta. Manyan dala uku da ke Giza kaburburan uku ne daga cikinsu. Siffarsu kamar dalar gyaɗa da a kan tara a Kano a shekarun baya, sai dai waɗannan da dutse aka yi su.

Babbar ta Sarki Hufu ce, an gina ta wajen shekara 4,500 da suka wuce. Kowane gefe nata ƙafa 756 ne. Tsawonta na asali ƙafa 481, yanzu ya ragu kaɗan don kanta ya zube. An ƙiyasta duwatsunta sun fi miliyan 2, yawancinsu kowane ya fi ton biyu nauyi. Akasarin dutsen nan kusa aka fasa shi, amma jan dutse mai tauri na ɗakin sarki daga Aswan aka kawo shi ta kogi, tafiyar wajen mil 500. Masu tonon tarihi sun gano garin ma'aikatan, da wuraren gasa gurasarsu, da kaburburansu. Da can jikin dalar sumul ya ke, an lulluɓe shi da farin dutse. Daga baya aka ɓamɓare shi aka yi gine-gine a Alƙahira.

Ana shiga ciki, amma hanyar ƙunci gare ta, sai a sunkuye, ga zafi. A ƙarshe ɗaki ne da akwatin dutse, ba kome a ciki. Mai ciwon baya ko na numfashi ya tsaya waje. Ƙasa da dalar kaɗan akwai Abul Haul, gangar jiki ta zaki, kai na mutum, tsawonsa ƙafa 240, an sassaƙe shi daga dutsen da ke wurin. Masu raƙuma da dawaki za su yi ta kiranka. In za ka hau, ku yanka kuɗi tun kana ƙasa, ku ambaci nisan tafiya da komowa.

Kayan da aka tono daga kaburburan sarakunan nan suna gidajen kayan tarihi. Tsohon yana Tahrir, an buɗe shi cikin 1902. Sabon, mai girman gaske, yana kusa da dala, an yi bikin buɗe shi cikin 2025. Can aka tara dukiyar Tutankamun, yaron sarki wanda aka gano kabarinsa cikin 1922. Busassun gawawwakin sarakuna da sarauniyoyi 22 kuwa an kai su wani gida a Fusɗaɗu cikin 2021. Wanda ya tsaya kan gawar mutumin da ya taɓa mallakar ƙasa duka, ya isa ya yi tunani.

Ci da sha

Baƙo daga ƙasar Hausa ba zai kwana da yunwa ba. Abincin safe shi ne ful, watau wake da aka dafa dukan dare, a zuba masa mai da gishiri da lemun tsami. Akwai ɗa'amiyya, ƙanwar ƙosai ce, sai dai da ganye a ke niƙa wakenta, shi ya sa cikinta kore ne. Kome da gurasa a ke ci. Suna kiranta aish, watau rayuwa, ka kuwa ga yaro bisa keke ɗauke da faranti guda nata a ka, yana ratsa motoci. Abincin rana na talaka shi ne koshari, shinkafa da taliya da wani ƙanƙanin wake, da miyar tumatir da soyayyar albasa. Miyar da su ke taƙama da ita, muluhiyya, lalo ce. Karkade zoɓo ne, tamar hindi kuwa tsamiya. Ruwan rake a gabanka a ke matse shi. Ka ci a inda ka ga mutanen gari sun yi layi, ruwa kuwa ka sha na kwalba, don cikin baƙo bai saba ba.

Harshe da hanya

Larabcin titi ba irin na littafi ba ne. Harafin jimun sun mai da shi ga, raƙumi su ce gamal. Ƙafun kuwa su kan haɗiye shi, gahawa su ce ahwa. Wanda ya yi karatun zaure in ya yi magana za su gane, ko da sun yi murmushi. Kalmomi kaɗan sun isa a soma: bikam, nawa ne, fen, ina, ma'alesh, yi haƙuri, itfaddal, bismilla. Mai damunka da talla ka ce masa, "La, shukran," ka wuce, ba sai da faɗa ba.

Kuɗinsu fam ne, suna kiransa gine. Ka riƙa ajiye canji, gama tukwici, wanda su ke ce wa baƙshish, ya shiga kome, daga mai tsaron takalma a masallaci har mai buɗe maka ƙofar hasumiya. Tituna a cushe su ke, saboda haka jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda aka buɗe cikin 1987, ya fi mota sauri da araha. Cikinsa akwai taragun da aka keɓe wa mata, namiji ba ya shiga. In tasi za ka hau, ku daidaita tukuna. In za ka ƙetare titi, ka tsaya gefen ɗan gari, ya taka ka taka.

Daga Disamba zuwa Fabrairu akwai sanyi ƙwarai, sai da rigar sanyi. Daga Yuni zuwa Agusta zafi ne, a fita da sassafe, a huta da rana. Tsakanin Maris da Mayu wata iska mai ƙura ta kan taso, kamar hazonmu, amma ita da zafi. Ranakun hutunsu Jumma'a da Asabar ne.

Ladabin baƙo

Kafin ka tashi ka tabbata fasfo da biza da katin allurar shawara suna hannu, kada kuma ka wuce kwanakin da aka ba ka. Kada ka ɗauki hoton soja, ko ɗan sanda, ko ginin hukuma. Kada ka ɗauki na mutum sai ka tambaye shi, balle mace. Wurin ibadar da ba naka ba ka shiga da natsuwa, yadda ka ke so a shiga naka. Kada ka rubuta sunanka jikin tsohon gini. Gardamar siyasar ƙasar kuwa ka bar wa masu ita. In ka ɓata ka tambaya, matambayi ba ya ɓata, Misirawa kuwa mutane ne masu son hira da raha.

Abu na ƙarshe, kada ka yi haɗama. Unguwa guda a yini ta isa. Sannu ba ta hana zuwa. Wanda ya duba wuri biyar da natsuwa, ya san wanda ya gina su da dalilin ginawa, ya fi wanda ya ratsa hamsin a guje.

Gine-ginen nan ba su kai yau don ƙarfin dutse kaɗai ba. Cikin 1979 aka sa tsohon birnin cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Cikin 1992 girgizar ƙasa ta tsattsage da yawa daga cikinsu, aka yi shekaru ana gyara. Mutane ne suka ga darajar abin da suka gada, suka kashe masa kuɗi da ƙarfi. Wanda ya ga haka ya komo gida, ba zai ƙara duban ganuwar Kano, ko hasumiyar Gobarau, ko masallacin Agadas da idon da ya ke dubansu da ba. Wannan ita ce tsarabar da ta fi turare da carbi. Allah ya kai matafiya lafiya, ya komo da su lafiya, amin.